Jinin Ƙanena

Litinin, 4 ga Satumba

Na dawo Brisbane daga gona. Awa biyu da rabi a mota, ko rediyo ban kunna ba.

Kel ya ƙara lalacewa. Ƙanena da ke saɓa buhu biyu na makadamiya, 'ya'yan itacen nan masu taurin ɓawo da suke nomawa, a kafaɗa ɗaya, jiya na gan shi yana tsayawa hutu tsakanin ɗaki da baranda. Taku goma sha biyu ne, na ƙirga. Wata goma sha ɗaya ke nan tun da matarsa Ros ta cire masa kaska a bayan kunne. Zazzaɓi ya biyo baya, zazzaɓin ya tafi ya bar masa wannan abin da ba shi da suna. Gaɓoɓi na ciwo, kai kamar an cusa auduga, gumi, kasala. Likita shida ya gani. Kowanne ya ɗebi jini, ya ce jini lafiya lau.

Mama ta tsare ni wajen wanke kofuna. “Narelle, shekara ashirin kina niƙa kaska a ɗakin binciken nan naku. In ba za ki gano abin da ke cin ɗan'uwanki ba, wa kike yi wa?” Na ce ni ba likitar mutane ba ce, bairos, ƙananan ƙwayoyin cutar da ke cikin kaska, nake nazari. Ta ce, “To, shi kura ce ta cije shi?”

Abin da na faɗa wa Ros a kicin, da ma ban faɗa ba. Na ce wataƙila abin ba a jini yake ba. Tun ambaliyar da ta cinye masa bishiya ɗari huɗu bai koma daidai ba. Na ce mai yiwuwa damuwa ce ta kwanta masa a jiki. Ros ta ci gaba da yanka albasa, ba ta ɗago ba.

Duk da haka na ja farin zane a ciyawar bakin rafi don kaska su maƙale, inda bandikut, dabbar nan mai kama da gafiya, ke tono. Kaska tamanin da uku. Don Mama ta ga na yi wani abu ne.

Laraba, 6 ga Satumba

Na niƙa su rukuni-rukuni, na tace, na zuba ruwan a kan ƙwayoyin naman da muke reno a kwalabe. Kwalba arba'in. In akwai bairos za ta kashe ƙwayoyin, mu gani. Galibi ba a ganin komai.

Thuy, abokiyar aikina, ta leƙo, ta karanta sunan gonar a jikin kwalba. “Hanrahan? Gonar gidanku?” Na ce kaska dai kaska ce. Ta ce, “Haka ne,” ta koma teburinta. Shekara tara muna aiki tare, na san irin “haka ne” ɗinta.

Talata, 19 ga Satumba

Kwalba ta talatin da ɗaya. Ƙwayoyin sun dunƙule, sun saki gindin kwalba suna yawo kamar dusa a kan ruwa. Na duba a madubin ƙara girma sau uku kafin na kira Thuy. Ta daɗe da ido a kai, ta ce, “Ko dai datti ne ya shiga.” Na ce mai yiwuwa. Na manta da murfin, ita ta ɗaure.

Za mu ɗebi ruwan mu zuba wa sababbin ƙwayoyi. In ya sake kashewa…

Ki kama bakinki, Narelle.

Juma'a, 6 ga Oktoba

Ya sake kashewa, sau uku a jere. Yau sakamakon karanta tsarin halittarta ya dawo. Bairos ce, kuma babu wanda ya taɓa rubuta irinta. Tana da dangi na nesa a kaskar tsuntsayen teku, shi ke nan. Sabuwa fil.

Shekara ashirin ina jiran irin wannan rana. Na zaci zan yi tsalle. Sai na shiga bayi na kulle, na zauna minti goma ina kallon ƙofa.

Thuy ta ce, “Samun ta a cikin kaska daban, samun ta a jikin mutum daban. Kin fi ni sani.” Na fi ta sani mana. Ni na koya mata wannan maganar.

Lahadi, 8 ga Oktoba

Na gaya wa Kel. A waya. Ban yi niyya ba. Muryarsa ce kamar daga ƙasan rijiya, yana ba ni labarin yau a zaune ya yi wanka, sai kawai na ji bakina ya furta.

Ya ce, “Maimaita.”

Na maimaita, na jero duk sharuɗɗan: ba mu san ko tana kama mutum ba, ko ta kama ba mu san ko tana sa ciwo ba. Ko ɗaya bai ji ba. Sai na ji yana ƙwala kira. “Ros! Ros! Furofesa ta kama ɓarauniyar!” Tun ina aji shida yake ce min Furofesa don tsiya. Rabona da jin sunan a bakinsa tun bara.

Ya tambaya wane suna za a sa mata. Na ce sunan wurin da aka same ta ake sawa. Ya ce ina, a sa mata Charmaine, sunan budurwarsa ta fari, “ita ma haka ta tsotse ni ta bar ni kwance.” Ros daga nesa tana cewa, “Ina jin ka fa, ɗan banza.” Na yi dariya har da hawaye.

Da na ajiye wayar sai na tambayi kaina: me na aikata?

Alhamis, 26 ga Oktoba

Gwajin kansa ba wuya. In bairos ta taɓa shiga jikin mutum, jini yakan ƙera garkuwa daidai da ita ya adana, ko da an shekara. Sai a gauraya ruwan jinin da bairos, a zuba a farantin ƙwayoyi, a jira kwana biyar, a rina da shuɗi. Faranti ya fito da ramuka, jinin bai san ta ba, ta ci son ranta. Ya fito shuɗi sumul, sun taɓa gamuwa. Mako ɗaya ya ishe ni.

Amma ba ni da ikon taɓa jinin mutum sai kwamitin kula da bincike ya yarda, kuma yau karo na biyu ke nan suna dawo min da takardu. Sun ce tunda ƙanena na cikin waɗanda za a gwada, ba zan san lambar kowa ba, Thuy ce za ta kulle sunaye a wurinta. Daidai ne. Da ina kwamitin abin da zan ce ke nan. Sanin hakan bai hana ni jifa da biro ba.

Kel ya bugo. “Ga hannuna nan, zo da allurarki. Wa zai sani?” Na ce ni zan sani. Ya ce, “Ke dai da tsoron hukuma. Tun muna yara ko mangwaron maƙwabta ba kya tsinka, sai dai ki ci wanda na sato.”

Talata, 14 ga Nuwamba

Kwamiti shiru.

Mama ta baza wa matan cocinsu cewa 'yarta ta gano ciwon. Wata mata daga ƙauyen Dunoon, Misis Tuohy, ban taɓa ganin ta ba, ta samo lambata. Mijinta shekara huɗu a kwance. Ta yi ta zuba godiya, ni da ban yi mata komai ba. Na ce kada ta sa rai tukuna. Ta ce, “Ai 'yar nan, ran ne kaɗai ya rage mana mu sa.”

Asabar, 2 ga Disamba

Izini ya fito ranar Talata. Yau aka ɗebi jini a zauren taro na Dunoon. Mutum talatin masu irin ciwon Kel, da lafiyayyu talatin daga yankin don a kwatanta. Lafiyayyun ba su cika ba, sai Ros ta miƙa hannu, ni ma na miƙa. Ai a nan na girma, kaska ta cije ni ya fi sau ɗari.

Ban taɓa ganin su a wuri ɗaya haka ba. Wasu da matashi suka zo, suka kwanta a benci suna jiran layi. Wata budurwa ta rufe ido da tawul saboda hasken taga. Matan gari sun kawo kek da shayi kamar ranar biki.

Kel ya yi aski, ya sa riga gogaggiya. Ta yi masa yawa yanzu, wuyansa na yawo a ciki. A takardar akwai gurbin wanda mutum ya yarda a gaya wa sakamakonsa. Ya rubuta sunana da manyan baƙaƙe, ya turo min in gani. “Ba na son wani baƙo mai farar riga ya gaya min. Ke za ki faɗa, da bakinki.” Nas ta yi ta laluben jijiya. Ya ce mata, “Ɗebi da yawa, 'yar'uwa, Charmaine ta bar saura.”

Kafin a watse na tsaya na yi musu bayani dalla-dalla cewa mai yiwuwa ba za mu samu komai ba. Na faɗa sau biyu. Suka tafa min.

Talata, 26 ga Disamba

Kirsimeti a gona. Zafi kamar a tanda. Jatan lande, kaza mai sanyi, mangwaro. Kel ya daure minti ashirin a tebur saboda Mama, sannan ya ja jiki ya koma gadonsa na baranda. Na yanka mangwaro na bi shi.

Bai karɓa ba. Yana kallon rufi ya ce, “Na ji ki ranar nan fa. Ke da Ros a kicin. Bangon katako ne, Rel.”

Na tsaya da faranti a hannu.

“Wai damuwa ce ta kwanta min a jiki. Likitocin nan sun faɗa, ban ji komai ba, ba su san ni ba. Amma ke kina nan ranar da tarakta ta danne min ƙafa, na tuƙa kaina har asibiti.”

Na ce ya yi haƙuri, a lokacin ban ga abin da na gani a kwalba ba. Ya juyo ya dube ni. “To da kwalbar ba ta nuna ba fa? Da har yau mai taɓin hankali ne ni?”

Ya miƙo hannu ya ɗauki mangwaro. “Ya wuce. Na yafe, tunda kin kama ta.”

Da zagina ya yi da ya fi min sauƙi. A kan kwalba ɗaya ya jingina yafiyar.

Litinin, 15 ga Janairu

Mun fara. Ƙananan kwalabe sittin, ruwan jini rawaya-rawaya, lamba kawai a jikin kowace. Na kama kaina ina ɗaga su a haske ɗaya bayan ɗaya, kamar zan gane ƙanena ta launi.

Laraba, 31 ga Janairu

Mun rina zagayen farko. Sha shida cikin sittin sun fito shuɗi. Tana shiga jikin mutum ke nan. Thuy, wadda ko gaisawa da hannu ba ta so, ta rungume ni.

Amma su wane ne sha shidan? Sai mun maimaita sau biyu kafin a buɗe sunaye.

Lamba 48 ta fi kowa. Mun tsarma jinin da ruwa, mun sake tsarmawa, har yanzu babu rami ko ɗaya. Na ɗauki hotonsa a wayata. Ban gaya wa Thuy abin da zuciyata ke raya min ba, amma na san ta sani.

Ban faɗa wa Kel komai ba. Wannan darasin dai na koya.

Alhamis, 8 ga Fabrairu

Saƙon Ros: Kel ya faɗi a banɗaki, goshi ya ɗan fashe, ba sai an ɗinke ba. “Yana tambaya yaushe.”

Juma'a, 16 ga Fabrairu

Thuy ta rufe ƙofar ofis kafin ta buɗe jerin sunayen. Ta karanta a tsaye, da muryar da take karanta komai.

Cikin marasa lafiya talatin, bakwai. Cikin lafiyayyu talatin, tara.

Ba sai an yi lissafi ba. Babu bambanci. Bairos ce da ke yawo a ciyawar yankin, tana shiga wanda ta shiga ta fita, da mai ciwo da mai lafiya duk ɗaya ne a wurinta.

Na ce, “Kel fa?”

“Lamba 22.”

Na san farantin 22. Ramuka kamar rariya, duk sau ukun. Jininsa bai taɓa gamuwa da ita ba.

Thuy ta zauna, abin da ba ta yi sai in magana ta yi nauyi. “Akwai saura. Kina son naki?” Na ce ta faɗa. Ta ce, “Ke ce 48.”

Mako biyu ina buɗe hoton nan a bas, a layin sayen abinci, ina cewa a raina ga ka nan, Kel, ga shaidarka. Ashe jinina nake kallo. Ta shiga jikina ban san yaushe ba, jikina ya gama da ita bai ko sanar da ni ba. Ko atishawa ban tuna na yi ba.

Asabar, 17 ga Fabrairu

Kel ya bugo sau biyu. Ina kallon wayar har ta gaji.

Talata, 20 ga Fabrairu

Na roƙi Thuy mu sake gwada 22. Ta ce sau uku muka yi. Na ce a yi na huɗu, ko an yi kuskuren lamba a zauren. Ta ce ita ta manna lambobin da hannunta, nas na kallo. Na ce ko jininsa ya yi rauni ne har ya kasa ƙera garkuwar. Ta ce an auna wannan tun a asibiti, kuma na ga takardar.

Ta cire safar hannu, ta ce, “Narelle, ba faranti kike bukata ba. Ki je gida.”

Lahadi, 25 ga Fabrairu

Na je jiya. Na tsaya a Bangalow na sha shayin da ba na so, don dai in ƙara rabin awa.

Suna baranda su uku. Mama ta ga fuskata tun daga matakala, ta ajiye saƙarta. Kel ya ce, “Mama, Ros, ku ba mu wuri.” Suka shiga ciki. Na san suna bayan taga.

Na tsara jawabi a mota, mai gabatarwa da komai. Da na zauna a bakin gadonsa sai ya gudu. Na ce, “Ba ita ba ce, Kel. Ba ta taɓa shiga jikinka ba.”

Ya daɗe yana kallon layukan bishiyoyi. Tabon goshin bai gama warkewa ba.

“Kin tabbata?”

“Sau uku.”

“Sauran mutanen fa? Tsoho Tuohy?”

Na ce ba zan faɗi na kowa ba, amma ba ta bambanta mai ciwo da mai lafiya ba. Sannan, ban san dalili ba, na gaya masa nawa. Ya yi wani sauti, na zaci kuka ne, ashe dariya ce. “Ke nan Charmaine ke ta bi, ni ko kallo ban ishe ta ba.” Dariyar ta koma tari. Na miƙa masa ruwa, hannunsa ya kasa riƙe kofin, na riƙe masa.

Da ya lafa ya ce, “To yanzu me za ki nema?”

Na ce, “Ban sani ba.”

“Ina za ki fara?”

“Ban sani ba, Kel. Babu abin da ya rage a hannuna.”

Ya ce shekararsa arba'in da huɗu, bai taɓa jin na ce ban sani ba. Ba da tsiya ya faɗa ba. Tsoro na ji a muryar.

Sai ya yi tambayar da nake gudu tun Kirsimeti. “Mun koma maganar kicin ke nan?”

Na dubi hannun da na riƙe masa kofi da shi. Wuyan hannun ya kai sirantar nawa. Na ce, “A'a. Ba ka da lafiya. Ban san mene ne ba, amma ba ka da lafiya.”

“Ba tare da faranti ba?”

“Ba tare da faranti ba.”

Ban san ko ya yarda ba. Ya juya fuska bango, ya ce barci yake ji. Na zauna har numfashinsa ya daidaita.

A kicin Mama ta zuba min abinci, ta tura gabana, ta fita wajen kaji. Ros ta tambaya ko akwai wani wuri, Sydney, ko ƙasar waje. Na lissafa mata sunaye uku. Duk na san abin da za su ce.

Alhamis, 7 ga Maris

Shugaban sashenmu ya tare ni a matakala yana murna. Sabuwar bairos, kuma mutum ɗaya cikin huɗu na ɗauke da garkuwarta, wannan ai babban rubutu ne, za a gayyace ni taro. Ya ce in yi tunanin suna mai daɗin faɗa. Na ce na gode. Gaskiya ya faɗa, aiki ne mai kyau, shi ne mafi kyau da na taɓa yi. Kuma babu mutum ɗaya da zai tashi daga gado saboda shi.

Wasiƙun sauran mutanen sun fita ranar Litinin. Ni na rubuta. “Bincikenmu bai nuna alaƙa ba.” Sau goma ina sauya jimlar, ta ƙi yin laushi.

Misis Tuohy ta bugo. Na shirya shan zagi. Sai ta ce, “Kin dai duba, 'yar nan. Wasu ko dubawa ba su yi ba.” Ta tambayi jikin Kel. Bayan ta ajiye na kasa komawa ɗakin gwaji, na ce wa Thuy kaina ke ciwo.

Litinin, 18 ga Maris

Ros ta bugo tana kuka, karo na farko tun da aka fara abin nan. Makadamiya ta fara zuba, in ba a kwashe ba ruwan sama zai ruɓar da ita a ƙasa. Mutumin da ya taimaka musu bara ya koma Gympie. Jiya tana wurin aikinta a makaranta, Kel ya lallaɓa ya hau injin kwasa. Layi ɗaya ya yi. Mama ce ta same shi zaune a ƙasa, jingine da taya, ya kasa tashi, ya kasa kira. Awa biyu.

Ros ta ce tun ranar da na zo bai ƙara tsokanar kowa ba.

Na nemi hutun mako biyu daga Litinin mai zuwa. Thuy za ta ci gaba da rubutun.

Laraba, 27 ga Maris

Rabona da tuƙa injin nan tun ina shekara sha bakwai, kuma wancan ma ba irin wannan ba ne. Ranar farko na kusa tuge bishiya. Ros ta ba Kel 'yar rediyon hannu, ɗayar tana aljihuna. Kwana biyu bai taɓa ta ba.

Yau ina layi na tara sai aljihuna ya yi magana. “Wa ya ba wannan matar lasisi? Rage gudu, kina barin rabi a ƙasa.” Na ce in ya iya ya zo ya yi. Ya ce, “Hagu. Hagunki, ba na injin ba. Shekara ashirin a jami'a!”

Minti goma ya yi, sannan shiru. Da na dawo cin abinci na same shi ya jiƙe da gumi, idanu a rufe, rediyon a kan ƙirji. Minti goman nan ya cinye masa yinin gaba ɗaya. Na kawo ruwa a roba na wanke masa kai, tunda Ros ta ce ɗaga hannu sama ne ya fi ba shi wahala. Furfura ta fito masa a ƙeya, ban san da ita ba.

Talata, 2 ga Afrilu

Ruwa tun safe. Ba kwasa. Kel bai tashi ba sam yau. Na zauna kusa da shi ina fasa makadamiya da guduma, ina ci, ina ba shi wadda ta fito ɗungurungum.

Lahadi, 7 ga Afrilu

Gobe ya kamata in koma aiki. Na rubuta musu cewa sai ƙarshen wata, saboda zagaye na biyu na kwasa bai wuce mako uku ba, kuma babu ma'ana in tafi in dawo. Thuy ta amso da kalma ɗaya, “To,” ta haɗo da shafi shida na rubutun in duba. Zan duba.

Jikin Kel yana nan yadda yake. Jiya da ɗan dama, ya kai har wurin tankin ruwa ya dawo. Yau babu. Na daina rubuta ranakun a takarda, ba su bin wani tsari da zan iya karantawa.

Na gyara ɗakin baya, na fitar da tarkacen Baba, tagar tana buɗuwa yanzu. Mama ta sa labule ba tare da ta tambaye ni ba.

Jiya na shiga Lismore sayen man inji, na sayi takalmin gona daidai ƙafata. Na Ros yana matse min yatsa ne, ba wani abu ba. Mai shagon ya nuna min iri biyu, ya ce wannan na kaka ɗaya ne, wancan kuwa yakan yi shekara biyar.

Wancan na ɗauka.